Shuɗiyar Fitilar Gidan Kyaftin Packer

"Jerusha, wa ke kunna shuɗiyar fitila a tagar benenku?"

Ko ina kwana bai ce ba. Ina tsaye a wajen shanyar kifi, kwando a kwankwaso, hannuwana duk gishiri, sai ga Asahel Burrows ya ɓullo ta bayan rumfa da wannan tambaya. Mutumin da kullum sai ya fara zolayata da cewa bakina ya fi kifin gishiri, ran nan babu alamar wasa a fuskarsa.

Na ce masa ban san haka ake gaida budurwa yanzu ba, ko kuwa muƙamin sajen da aka ba shi ne ya fara hau masa kai.

Bai yi dariya ba. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya gaya mini abin da ya faru. Shekaranjiya da magariba yana gadi a tudun igwa tare da mutum biyu, suka hango shuɗin haske a gefen garin da ke kallon teku. Kafin gari ya waye sojojin Ingila suka lallaɓo a kwale-kwale suka ƙone jirgin ruwan wani ɗan garinmu, Zebulon Crary, ƙurmus. Sauran biyun sun ga hasken, amma tabaron hangen nesa a hannun Asahel yake, don haka shi kaɗai ya san daga wace taga ya fito. Tagarmu ce.

A lokacin yaƙinmu da Ingila ya shiga shekara ta biyu. Jiragensu sun tsare mana bakin teku, masunta ma ba sa iya nisa, kuma duk garin Wescott ya haƙiƙance akwai maciya amana da ke yi musu ishara da shuɗin haske. Ba wanda ya taɓa kama ko ɗaya, amma kowa ya san wani da ya san wanda ya gani. Har abin ya zama zagi. Mata biyu za su yi cacar baki a kan kaza, sai ka ji ɗaya ta kira ɗaya shuɗiyar fitila.

Babana kuwa, Kyaftin Jabez Packer, shi ne wanda zargi ya fi saurin faɗawa kansa. Ɗan gani-kashe-nin jam'iyyar Federal ne, ya tsani yaƙin nan, kuma bai iya ɓoye ƙiyayya ba. Ranar da aka yi shelar yaƙi shi ya sa aka kaɗa ƙararrawar coci irin kaɗin da ake yi wa mamaci. Jiragensa na fatauci suna ruɓewa a mashigi, kowa cewa yake aljihunsa yake yi wa makoki. Ni ma haka na ɗauka.

Da can Asahel, ɗan maƙerin garinmu, yakan shigo gidanmu ya ci ya sha, Baba yana kiransa yaron kirki duk da kaf danginsa 'yan jam'iyyar Republican ne masu goyon bayan yaƙi. Ranar da ya shiga dakarun sa-kai aka damƙa masa igwa, Baba ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofa, maganar aurenmu kuma a binne ta. Ba mu binne ba. Mun dai mayar da ita bayan rumfar kifi.

"Ranar Litinin akwai taron gari," in ji Asahel. Ya kira ni da sunan da ya saba taƙaita mini. "Za su ɗora hannuna a kan Littafi Mai Tsarki in yi rantsuwa, Rusha. Ba zan yi ƙarya a kansa ba."

"To kar ka yi."

"Ki faɗa mini abu ɗaya kawai. Ko mene ne, zan yarda da ke."

"Babana ba maci amana ba ne."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Wa ke kunna ta?"

Na kawar da kai, na gyara kwandon a kwankwasona.

"Ashe kin sani..."

Yadda ya faɗi kalmar nan a hankali ya fi mini ciwo da a ce mari na ya yi. Na so in jefar da kwandon in rungume shi in zazzage masa komai. Maimakon haka sai na ce masa tunda igwa ta fi masa ni, ya je ya tambaye ta. Na juya na kama hanyar gida, hawaye na zuba, ina goge su da hannun gishiri, idona na ƙara yaji.

Gaskiya ne akwai fitila a tagar benenmu, kuma na san mai kunna ta. Mahaifiyata ce.

'Yan shekaru kafin yaƙi, jirgin sojan Ingila ya tare jirgin Baba a tsakiyar teku. Suka jera ma'aikatan, hafsansu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yayana Lemuel ya ce wannan nasu ne da ya gudu daga aikin soja. Lemuel da aka haifa a ɗakin da nake kwana. Suka tafi da shi a gaban idon ubansa, kuma tun daga ranar ko labarinsa ba mu ƙara ji ba.

Mama ta daure shekara guda, sannan wani abu ya tsinke a kanta. Ba ta duka, ba ta ihu. Tana girki, tana ɗinki, tana yi mini faɗa idan na ƙona burodin masara. Abu ɗaya ne: a wurinta yau da safe Lemuel ya fita, kuma yau zai dawo. Duk magariba sai ta hau bene ta kunna fitila a taga don kada ya ɓata mashigi.

Baba ya gaya wa gari ciwon gaɓɓai ne ya hana ta fita. Ni kuma ya sa na yi masa alkawari ba zan taɓa faɗa wa kowa ba, ko da mijin da zan aura ne. Na riƙe alkawarin nan kamar yadda ake riƙe garwashi a cokali, ana tafiya a hankali.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar shuɗi. Fitilar Mama fitilar man kifi ce irin ta kowa. Ina isa gida na ajiye kwando na haye bene.

Ina shiga na gani. Gilashin tagar guda ya fashe, an liƙe gurbin da shuɗiyar takardar nan da ake naɗo curin sukari a ciki, wadda kowace mace a Wescott ke adanawa don rinin zare. An shafe ta da mai don haske ya ratsa, an liƙa ta tsaf, aikin mai hankali. Daga cikin gida ba wanda zai lura, don fitilar ke gabanta. Daga teku kuwa...

"Kar ki gaya wa babanki," Mama ta ce daga bayana. Tana tsaye a bakin matakala tana murmushi irin na yarinyar da aka kama da hannu a tulun zuma. Ta ce iska ce ta fasa shi makon jiya, tana ta kashe mata fitila, gilashi kuma yanzu ya fi ƙarfin mutane, me zai sa ta ƙara wa Jabez damuwa. Ta tambaye ni ko bai yi kyau ba.

Na ce ya yi kyau, Mama. Na zauna a ƙasa na yi dariya har dariyar ta koma kuka, ita kuma ta zauna kusa da ni tana shafa kaina, tana cewa in bar kuka, yayana na hanya.

Da Baba ya dawo cin rana na ja shi ɗakin ajiya na gaya masa komai. Ya hau bene da kansa, ya ɓanɓare takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya buga katako a gurbin. Da ya sauko na ce masa shi ke nan, ranar Litinin sai ya nuna musu takardar, ya faɗi gaskiya, magana ta mutu.

Ya ce ba zai faɗa ba, ni ma kada in kuskura in faɗa.

Na yi tsammanin girman kai ne, na kuwa gaya masa haka, don ni ba a haife ni da linzami a baki ba. Bai yi fushi ba. Ya zauna a kan gangar garin masara, ya tuna mini wata mata da ta taɓu lokacin ina ƙarama. Dattawan gari suka yanke cewa haɗari ce ga jama'a, suka kai ta ɗakin baya na gidan gajiyayyu, aka sa mata sarƙa a ƙafa, yara na leƙenta ta ramin ƙofa har ta mutu. Ita waccan ba ta jawo wa kowa asara ba. Mama kuwa za a ce fitilarta ce ta kira abokan gaba.

"Gara kwalta a jikina da sarƙa a ƙafar uwarki," in ji shi.

"To Asahel fa, Baba?"

"Ya faɗi abin da ya gani. Aikinsa ke nan."

"Idan ya faɗa, za su shafe ka da kwalta su liƙa maka gashin tsuntsu, su kore mu daga garin nan. Kuma da wace fuska zan auri mutumin da bakinsa ya jawo maka haka?"

"Dama ba za ki aure shi ba." Ya miƙe, ya dafa kafaɗata. "Kin yi mini alkawari, Jerusha."

Na ce na yi. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Ranar Lahadi muka je coci ni da shi. Bencinmu na gaba, wanda kullum maƙwabta ke miƙo hannu a gaisa, ran nan ba wanda ya waiwayo. A hanya mun wuce ƙofar Zebulon Crary, ga katuwar tukunya an girke a tsakar fili, ga gangar kwalta a gefe, ga buhun gashin dinya. Ba a ma yi taron ba an gama hukunci. Baba ya ɗaga masa hula kamar bai ga komai ba.

Tsakanin sujadar safe da ta rana, lokacin da kowa ke cin guzurinsa, na zagaya bayan rumfar dawakai. Na san zan sami Asahel a can, ya kuma san zan zo. Ya rame a kwana biyu, idanunsa sun yi ja. Na yi niyyar in ci gaba da fushi, amma ina ganinsa fushin ya gudu ya bar ni.

Ya kama hannuwana biyu. Ya ce ya juya maganar ta kowace fuska bai ga mafita ba. Idan ya ambaci gidanmu ya rasa ni. Idan ya yi ƙarya da hannu a kan Littafi, to ba shi ne mutumin da na so ba, kuma wata rana ni ma zan raina shi.

"Rusha, masoyiyata, ki taimake ni. Kalma ɗaya..."

"Ba tawa ba ce da zan ba ka, Asahel. Da tawa ce da tuni na ba ka, har da raina."

"To me zan riƙe gobe idan na tsaya a gabansu?"

"Ina sonka. Ita kaɗai ce gaskiyar da nake da ikon faɗa maka."

Ya dube ni. Sannan ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan hannuwana, na ji ɗumin hawayensa. Da ƙararrawa ta kaɗa ya sake ni ya tafi, bai ce mini zai faɗa ba, bai ce ba zai faɗa ba.

Litinin da hantsi coci ya cika maƙil, don a nan ake taron gari. Maza a ƙasa, mu mata a barandar sama, inda aka yarda mu zauna mu ji amma ba a yarda mu tofa ba. Baba na zaune a bencinsa, ya sa rigarsa ta fita kunya, bayansa a miƙe kamar an sa masa sanda.

Zebulon Crary ya fara magana. Ba zan zalunce shi ba, jirgin nan shi ne duk abin da ya mallaka, kuma yana maganarsa muryarsa na karyewa. Amma daga jirgi ya koma kan 'yan Federal, daga 'yan Federal ya koma kan masu kaɗa ƙararrawar mutuwa ranar da ƙasa ta tashi kare mutuncinta. Bai ambaci suna ba, ba ya ma buƙata. Rabin ɗakin na buga ƙafa, rabin na gunaguni.

Aka kira Saje Burrows. Ya ɗora hannu a kan Littafi ya yi rantsuwa. Dattijon da ke shugabantar taron ya shiga tambayarsa.

"Ka ga hasken?"

"Na gani."

"Shuɗi ne?"

"Shuɗi ne."

"Ka san tagar da ya fito?"

"Na san ta."

Na riƙe katakon baranda har farcena ya shige ciki.

"To faɗa wa taro."

"Ba zan faɗa ba, yallaɓai."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Da aka samu aka yi shiru, Asahel ya ce shi haske ya gani, bai ga cin amana ba. Bai san wanda ya kunna ba, bai san dalili ba. Ya ce tun jiya ya ga tukunya a girke, kuma ba zai miƙa mutum ga tukunyar nan a kan abin da shi kansa bai gane ba. Ba zai yi ƙarya ba, ba kuma zai faɗa ba, su yi masa abin da suka ga dama.

Bai san komai ba fa. Ban ba shi komai ba sai kalmar so a bayan rumfar dawakai, a kanta ya tsaya.

Zebulon ya ce kowa ya san gidan da saje zai rufa wa asiri, kowa kuma ya san siket ɗin da ya rufe masa ido. Amma ba tare da shaida ba, ba mai iya taɓa mutum irin Kyaftin Packer. Ɗan maƙeri kuwa taɓa shi ba wuya. Zebulon ya ce wanda ya ɓoye shuɗiyar fitila shi ma shuɗiyar fitila ne, kuma kwaltar da ya dafa ba za ta huce a banza ba.

Kafin dattijon ya buga tebur sun yi kansa. Wani ya fizge ɗamarar sajen daga ƙugunsa, wasu suka riƙe hannuwansa suka fara jansa zuwa ƙofa. Bai yi kokawa ba. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya nemi fuskata a baranda.

Na dubi Baba. Yana zaune, idonsa a ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mace ba ta magana a taron gari, uwata ba ta taɓa yi ba, kakata ba ta taɓa yi ba.

"Baba!"

Ɗakin ya yi tsit, har masu jan Asahel suka tsaya.

"Baba, ka sake ni daga alkawarin nan. Ba zan karya shi ba, amma don Allah ka sake ni... ka dubi abin da za su yi masa."

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune ba sai ranar. Baba ya dafa benci ya miƙe a hankali, ya juyo ya fuskanci garin da ya haife shi.

"Ku saki yaron. Tagata ce."

Ya ce matarsa ce ke kunna fitilar, Keziah, wadda duk suka ci abincin hannunta. Ya ce ba ciwon gaɓɓai ke damunta ba, ƙarya ya yi musu shekara da shekaru. Hankalinta ne ya tsaya a ranar da aka ɗauke Lemuel, kuma duk magariba tana haska masa hanya ya dawo gida. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar, ya warware ta, ya ɗaga.

Babu wanda bai gane ta ba. Babu gidan da ba a ajiye irinta a akwati ba.

"Gilashi ne ya fashe ta liƙe da wannan," in ji shi. "Ga cin amanar, ku duba da kyau. In kwalta ce, ga ni. Amma duk wanda ya taka matakalar gidana don ya ɗauke ta, sai dai ya bi ta kan gawata."

Ba wanda ya motsa. Ni kuwa na gama sallamawa, ina jiran in ji dattijon ya ambaci gidan gajiyayyu.

Sai na ji wata ta yi gyaran murya a gefena. Lovisa Crary ce, matar Zebulon, mace mai faɗin kafaɗa wadda mijinta ke yi wa gari ruri amma a gida ba a jin tarinsa. Tunda dai na riga na ɓata al'ada, ita ma ta miƙe.

"Jabez, zauna kafin ka faɗi. Wa ya ce maka za a ɗauke ta? Ai mun daɗe da sani."

Baba ya ɗaga kai yana kallonta kamar da wani yare ta yi magana.

Ta ce shi a tunaninsa ciwon gaɓɓai ne ke sa mace ta tsayar da ita ta taga ta tambaye ta ko ta ga Lemuel a hanya? Ta ce kowace mace a barandar nan Keziah ta taɓa tambayarta, kuma kowacce amsa ɗaya take ba ta, cewa yana tafe. Sun yi shiru ne don sun ga shi yana son a yi shiru. Na waiga na ga kawuna na gyaɗawa tun daga wannan bango har wancan. Ashe asirin da ya hana ni barci shekaru, maza ne kawai ba su san shi ba.

"Kai kuma Zebulon," in ji ta, "ka je ka sauke mini tukunyata. Da ita nake dafa sabulu."

Wani ya fashe da dariya a baya, ta kama ɗakin, wasu na dariya suna share ido. Ba kowa ba dai. Zebulon ya ɗauki hularsa ya fita, kuma jirginsa ya ƙone ko fitila ce ta jawo ko ba ita ba, abin da ba wanda zai taɓa sani. Aka yanke cewa Mama ta ci gaba da zama a gidanta, fitilar kuma a mayar da ita tagar da ke kallon titi. Asahel ba su mayar masa da ɗamarar saje ba, don ya ƙi bin umarnin taro. Igwar dai sun bar masa.

Muka kamo hanyar gida ni da Baba. Ina jin takun Asahel a bayanmu, nesa kaɗan, rigarsa a yage. Da muka isa ƙofa ya tsaya a inda ya saba tsayawa tun da aka kore shi, wajen shinge. Baba ya buɗe ƙyaure, bai waiwaya ba ya ce ko zai tsaya nan ne har miyar kifi ta huce.

Mama ta karɓe shi kamar jiya ya fita. Ta ce ya rame, ta ce wa ya yaga masa riga, ta sa ya cire ta kama ɗinki nan take. Ya zauna yana cin abinci da bargo a kafaɗa, ni kuma kallonsa kawai nake yi. Ƙarƙashin tebur ya lalubo hannuna.

Da aka gama Baba ya ture kwano, ya ce wa Asahel ya je wurin magatakardan gari ya ce a fara shelar aurenmu a coci ranar Lahadi mai zuwa. Haka ya faɗe ta, kamar mai aiken a sayo ƙusa. Na tashi na rungume shi ta baya ina kuka, ya ce in sake shi zan karya masa wuya.

Da Asahel zai tafi Baba ya raka shi. Na tsaya a bakin ƙofa, don ni dai ba a yi maganata a bayana ban ji ba. Suka tsaya a wajen shinge, inda ake hango teku. Rana ta yi sanyi, ga jiragen Ingila can nesa a jere, filafilansu fari fat.

Baba ya yi magana, idonsa na kansu.

"Kana tsammanin don siyasa na kore ka."

"Haka na ɗauka, Kyaftin."

"Kowa haka ya ɗauka. Jiragena su ruɓe, ni ina ruwana." Ya nuna teku da haɓa. "Ɗana yana cikin irin waɗancan, Asahel. Wataƙila ma cikin ɗayansu. Sun ce don a ƙwato irinsa ake yaƙin nan, to amma harsashi bai san wanda aka tilasta ba. Duk ranar da igwarka ta yi ƙara, ni Lemuel nake jin ana harbi."

Na toshe bakina da hannu. Ina gida ɗaya da mutumin nan, ina zuba masa abinci kullum, ina zarginsa da son aljihu, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Asahel ya ce ba zai iya ajiye igwar ba. Idan suka matso garin, dole ya harba.

"Na sani. Da za ka iya ajiye ta da ban ba ka 'yata ba." Baba ya kama hannun rigarsa, wadda Mama ta gama ɗinkewa, ya riƙe da ƙarfi. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba, muryarsa ta koma ta mai bara. "Abu ɗaya nake nema. Idan ranar ta zo, ka saukar da bakin igwar. Ka nufi cikin jirgin, ƙasa-ƙasa, daidai ruwa. Lemuel gwanin hawa ne tun yana yaro, duk inda yake a sama za su sa shi, wajen ɗaurin filafilai. Kar ka harbi sama, ɗana..."

Asahel ya ɗora hannunsa a kan na Baba.

"Zan saukar."

Aka ɗaura aurenmu lokacin girbin tuffa. Jiragen sun matso garin kafin sanyi ya shigo, suka sake matsowa da bazara, kuma duk lokacin mijina yana kan tudu yana aikinsa. Har yaƙin ya ƙare bai taɓa ɗaga bakin igwar nan sama ba. Lemuel kuwa, ba mu taɓa sanin ko yana cikin jiragen ba.